Garejin gwajin birki da na kai babur ɗina bayan an ci ni tara

Idan jami'in hanya ya rubuta maka tara a kan wai birkin babur ɗinka ba shi da kyau, kai kuma ka san ƙalau yake, abin da zuciya za ta fara raya maka shi ne ka wuce wurin bakanikenka ya duba. Kada ka je. Bakanike da ya ga babur hannunsa ke ƙaiƙayi, kafin ka gama bayani ya riga ya ɗauko sifana ya murɗa notin baya sau biyu yana cewa ai ga shi ya gyaru. Daga nan hujjarka ta tafi, domin babu wanda zai ƙara sanin yadda birkin yake a lokacin da aka tare ka.

Ni wurin masu gwajin ababen hawa na kai nawa, wani gareji mai zaman kansa wanda babban aikinsa shi ne awo da rubuta rahoto, gyara kuwa a wani sashe daban ake yi. Shi nake son in ba da labarin aikinsa, don na ga mahaya da yawa ba su ma san akwai irin wannan hidima ba. A taƙaice sun yi mini aikin da na je nema, an soke tarar, amma ba zan ce kowa ya garzaya ba, kuma akwai wuraren da suka ɓata mini rai sosai.

Babur ɗina ƙarami ne, birkin gaba na faifai ne mai aiki da mai, na baya kuma na dram, wato gangar ƙarfen da ke tsakiyar taya wadda takalman birki ke kamawa ta ciki, irin mai sanda da noti a ƙarshenta. Jami'in da ya tare ni bai hau babur ɗin ba, bai tura shi ba. Ya sunkuya ya danna abin taka birki da hannu, ya ga ya ɗan sauka kafin ya kama, ya ce ya yi sako-sako. Na ce, "Yallaɓai, wannan wasan ai dole ne, littafinsa ma haka ya ce a bari." Ya ce in je in yi wa ofis wannan bayanin, ya yage takarda ya miƙo mini. Abin da ya rubuta layi ɗaya ne: birkin baya ba ya aiki yadda ya kamata. Babu awo, babu lamba, babu komai.

Da na kira garejin, sai da wayar ta yi ta ringi kafin a ɗauka, kuma wannan halin nasu ne, zan dawo kansa. Amma matar da ta ɗauka ta faɗa mini abin da ya fi komai amfani a duk wannan lamari. Ta ce, "Malam, kada ka bari kowa ya taɓa shi. In da hali ma kada ka hau, ka ɗauki hoton mitar kilomita yanzu, ka ɗoro shi a mota ka kawo." Dalilinta a fili yake. Rahoton da za a yi gobe ba ya nuna yadda babur yake jiya, sai in za ka iya nuna cewa tsakanin jiyan da goben babu abin da ya canza. Wannan ita ce ƙofar da mai gabatar da ƙara zai fara bi, ya ce ai gyarawa ka yi kafin ka kai gwaji. Na yi yadda ta ce, na haɗa hoton mitar da takardar tarar a hoto ɗaya, wayar kuma ta ajiye kwanan wata da lokaci.

Injiniyan da ya karɓe ni dattijo ne, ba shi da yawan magana. Kafin ya kunna wata na'ura ya zaunar da ni ya ce in sani duk abin da ya gani shi zai rubuta, ko ya yi mini daɗi ko bai yi ba, kuma kuɗin gwaji ba a mayarwa. In ina shakkar birkina, gara in ɗauki babur ɗina tun yanzu in biya tara in gyara. Na ce a ci gaba.

Abin da ya fara yi shi ne ya sa na yarda da wurin. Bai taɓa birkin ba. Ya durƙusa da fitila da kyamara a gefen tayar baya, ya haska notin da ake ɗaure birki da shi. Zaren sandar ya cika da busasshen taɓo da tsatsa, har wani siririn ƙasa ya yi gada tsakanin notin da sandar, bai karye ba. Ya ɗora ƙaramar rula a gefe, ya ɗauki hoto ta fuska uku. Ya ce, "Ka ga wannan dattin? Shi ne shaidarka. Da an juya notin nan ko rabin zagaye, zaren zai fito fes yana ƙyalli." Ni da nake jin kunyar kawo babur da datti, ashe da na wanke shi da na wanke hujjata.

Sai awo. Ya sa rula a ƙarshen abin takawa, ya danna a hankali har ya ji takalman birki sun fara kama dram, ya karanta milimita 27. Ya buɗe littafin kamfanin da ya ƙera babur ɗin, shafin ya ce wasan ya kasance tsakanin milimita 20 zuwa 30. Wannan wasan ba lalacewa ba ce. In aka ɗaure birkin dram tam babu wasa, takalman za su riƙa gogar dram kana tafiya, ya ɗau zafi, ya ci takalman, ƙarfin birkin ma ya ragu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Ya kuma nuna mini 'yar kibiyar da ke jikin hannun birkin baya, wadda in ka taka har ta daidaita da alamar da ke jikin murfin to takalman sun cinye. Tawa da sauranta. Shi ma ya ɗauki hoto.

A birkin gaba kuwa ya karanta abin da aka buga a jikin faifan, mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda da shi, milimita 3.5, ya auna da maikuromita, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, a wurare da dama ya samu 3.8. Ya leƙa fad ɗin, wato abin da ke matse faifan in an ja birki, da madubi, tsagin da ke nuna cinyewa bai shafe ba. Ya matsa hannun birkin ya riƙe na ɗan lokaci ya ga ko zai ci gaba da nutsewa, domin in iska ta shiga layin mai hannun yakan yi laushi kamar ana matsa soso, in kuma roba ta mutu a ciki sai ya riƙa zuwa a hankali har ya taɓa kan babur. Nawa ya tsaya cak.

Bayan an gama duk wannan ne aka hau na'urar gwaji, rola biyu masu kaushi da ke juyawa a cikin ƙasa. Ana ɗora taya ɗaya a kai, mai gwaji na zaune kan babur, rolar na juya tayar shi kuma yana ƙara birki kaɗan-kaɗan har tayar ta kusa kullewa, allo na nuna ƙarfin da birkin ya yi. Lissafin mai sauƙi ne: a raba ƙarfin birki da nauyin babur haɗe da mahayi, a fitar da kaso cikin ɗari. Na gaba ya ba da 55, na baya 33. Kowace ƙasa da ma'auninta, shi kuma ya rubuta wanda ya shafe ni a rahoton, amma don mai karatu ya samu abin kwatantawa, a gwajin shekara-shekara na Birtaniya ana buƙatar ɗaya daga cikin birkin babur ya kai kaso 30, ɗayan kuma 25. Kada kuma wani ya ga na baya ya gaza na gaba ya ɗauka matsala ce. Haka abin yake a yawancin babura, don da ka ja birki nauyi gaba yake komawa, tayar baya ta yi sakayau, shi ya sa yawancin tsayawar birkin gaba ke yin ta. Dokokin ƙasashe da yawa sun bi abin da Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya ta tanada, wato babur ya kasance da birki biyu, ɗaya na kama tayar baya ɗaya na kama ta gaba. Ba ta ce su yi ƙarfi ɗaya ba.

Abu ɗaya ya samu da bai yi mini daɗi ba. Ya tsoma wani abin gwaji mai kama da biro a cikin tukunyar man birki, ya nuna ruwa ya kai kusan kaso 2 cikin ɗari. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi daga iska, ko ba ka hawa babur ɗin. DOT 4 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma in ya sha ruwa kaso 3.7 ma'aunin ya yarda ya sauko har 155, kuma man da ya tafasa tururi yake zama, tururi kuwa matsuwa yake, sai ka ja hannun birki ka ji babu komai. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canza shi duk shekara biyu. Na tambaye shi, "Injiniya, wannan dole ne ya shiga rahoto? Ai tarar a kan na baya take." Ya ce, "Malam, abin da na auna duk yana shiga. In na fara zaɓe, gobe wa zai yarda da sa hannuna?" Ya rubuta shi a matsayin shawara, cewa lokacin canji ya yi amma bai rage ƙarfin birki a gwaji ba. A lokacin na ji haushi. A wurin sauraron ƙara kuwa na lura wannan layin ya ƙara wa takardar nauyi, don an ga ba rahoton a-yi-wa-mai-kuɗi-daɗi ba ne.

Haka kuma ya ƙi rubuta cewa jami'in ya yi kuskure. Ya ce shi bai ga jami'i ba, babur ya gani. Abin da ya yarda ya sa shi ne awon, da hotunan, da jimla ɗaya cewa babu alamar an daidaita birkin baya kwanan nan.

To, yanzu ga inda suka gaza.

Rahoton ya yi jinkiri fiye da yadda suka yi alkawari, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai tara a hannu, saboda ƙalubalantar tara wa'adi gare ta. A Jamus mako biyu ne, a Ingila kwana 28, a Faransa kwana 45, kowa ya juya bayan takardarsa ya karanta nasa. In wa'adin ya wuce, komai kyawun hujjarka wahala ce a saurare ka, wani wurin ma kuɗin ƙaruwa yake. Garejin da ke irin wannan aiki ya kamata ya zama tambayarsa ta farko ita ce yaushe wa'adinka ke cika. Ba wanda ya tambaye ni. Na yi ta kira ba a ɗauka, in an ɗauka a ce injiniya ya fita, sai da na je da ƙafata. Abin da ya cece ni shi ne na riga na shigar da takardar ƙin amincewa da tarar, na rubuta cewa rahoton gwaji na tafe. Wanda zai bi wannan hanya ya yi haka shi ma, kada ya zauna jiran gareji. Kuma kada ya biya da niyyar ya yi ƙorafi daga baya, domin a wurare da yawa biyan tara amsa laifi ne, magana ta ƙare.

Da rahoton ya fito, sun yi kuskure a lambar jikin babur, harafi ɗaya suka musanya da lamba. Ƙaramin abu ne a ido, amma rahoton da ke ɗauke da lambar wani babur ba naka ba ne. Da na nuna musu, yaron da ke buga takardu ya ɗauko biro zai gyara da hannu. Na ce a'a, a sake bugawa a sake sa hannu. An yi, amma da ɓacin rai, kamar ni na yi laifin.

Sannan ba su haɗa takardar shaidar daidaita na'urarsu ba. Duk na'urar awo ana kai ta a tantance ta lokaci-lokaci a ba da takarda mai kwanan wata, in babu ita kowa na iya cewa na'urar ƙarya take. Suna da ita, tana nan a bango cikin firam, amma sai da na roƙa aka yi mini kwafi. Ban ga dalilin da zai sa ba sa haɗawa da kowane rahoto ba, tunda sun san inda takardar za ta.

Shi kansa rahoton an rubuta shi ne kamar wani injiniya zai karanta. Lambobi ne jere da gajerun kalmomi, babu ko layi uku a sama da ke cewa ga abin da aka samu da harshen da kowa zai gane. Ni na zauna na rubuta wannan bayanin a takardata, na ja layi a ƙarƙashin lambobi ukun da suka shafi zargin: 27, da tazarar 20 zuwa 30, da 33.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sashen gyaransu. Ina fitowa daga ɗakin gwaji, inda aka gama gaya mini fad ɗina da sauransa, wani matashi ya tare ni yana cewa gara a canza fad da faifai gaba ɗaya tunda an zo, akwai rangwame. Na nuna masa takardar da abokin aikinsa ya cika minti kaɗan da suka wuce. Ya yi dariya ya ce ai rigakafi ne. Wurin da darajarsa duka ta rataya a kan cewa ba ya da wata riba a sakamakon gwaji bai kamata ya bar irin wannan talla a bakin ƙofarsa ba. Ban ma bari sun canza man birkin a ranar ba, na fi son babur ɗin ya zauna yadda yake har a gama shari'a, ko da za a ce a sake dubawa.

Zaman sauraron bai ɗau lokaci ba. Injiniyan bai zo ba, zuwansa kuɗi ne daban kuma ya fi na gwajin, shi da kansa ya ce ba ya ganin akwai buƙata. Mai sauraron ƙarar ya juya shafukan, ya tsaya a kan hoton notin nan mai taɓo, ya tambaye ni ko na hau babur ɗin bayan an tare ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban hau ba," na miƙa hoton mitar da rasit ɗin motar da ta ɗauko shi. Lambar kilomita a hoton da ta rahoton ɗaya ce. Ya tambayi ɓangaren hukuma ko akwai wani awo da jami'insu ya yi, ko hoto. Babu. Ya soke tarar.

Ban riƙe jami'in da komai ba, gaskiya. Babura nawa ke yawo da birkin baya da sai ka taka har ƙasa kafin ya kama, wasu an cire na gaba ɗungurum wai yana kayar da mutum. Nisan da babur ke ci kafin ya tsaya ba bin gudu yake ɗaya bayan ɗaya ba, in ka ninka gudu sau biyu nisan birki sau huɗu yake ninkuwa, don haka mai tare mutane a kan birki aikin kirki yake yi. Ƙorafina kawai shi ne hannu ba ma'auni ba ne. Rula ta aljihu ta isa ta raba gardamar a bakin titi.

Ga maganar kuɗi. In na haɗa gwajin da ɗaukar babur a mota da ranakun aikin da na rasa, abin da na kashe ya kusa kamo tarar kanta, kuma ba wanda ya mayar mini da ko sisi. Saboda haka in tararka ƙarama ce, ba ta taɓa lasisinka ko inshorarka, lissafi zai ce ka biya ka huta, sai dai in kana cikin masu kasa barci a kan laifin da ba su yi ba. Amma inda ake ɗora wa lasisi maki, labarin daban ne. A Birtaniya laifin birki mara kyau maki 3 ne, kuma sabon direban da ya tara 6 a shekara biyunsa na farko ƙwace lasisin ake yi. Wanda babur ne abincinsa, ko kamfanin da yake wa aiki yana duba tarihin tuƙinsa, shi wannan rahoton ya fi amfana.

Wanda kuma ya san birkinsa na ƙugi, ko mai na tsatsafowa a jikin ƙarfen da ke riƙe da fad, ko hannun na taɓa kan babur, kada ya ɓata kuɗinsa. Dattijon nan zai rubuta shi dalla-dalla da hoto, ya zama ka biya an haɗa maka hujja a kanka.

Zan koma wurinsu in irin haka ta sake faruwa, saboda injiniyan, ba saboda ofishinsu ba. Sai dai zan gaya musu ranar cikar wa'adina tun a waya in sa su rubuta ranar bayar da rahoto a kan rasit, zan nemi kwafin takardar tantance na'ura tun kafin a fara, kuma ba zan bar kantarsu ba sai na karanta lambar jikin babur da ta inji harafi bayan harafi ina kwatantawa da takardun mallaka.